Wanda Ba Ya Yi Mini Kara

Ranar Asabar a Kongo ɗakin taro ya cika,
janareta na tari a bayan katanga,
lasifika huɗu na ruri a kan jama'a,
ni kuwa, makirfo a hannu,
ina laluben muryata kamar kwabon da ya faɗa rijiya.
Na san na buɗe baki.
Abin da ya fita, sai a tambayi 'yan kujerar gaba.

Da aka watse, Tsalha mai piyano na naɗe waya ya ce,
"Mamuda, tun baiti na biyu kuka rabu da kiɗa,
kai ka nufi Samaru, shi ya yi Ɗanmagaji."

Litinin na sauka PZ.
Ikenna, da Hausarsa ta Sabon Gari,
ya jera mini iyafis uku a kan gilashi.

Na farko kwalinsa ya fi shi kyau.
Ganga ta yi ƙiba a cikinsa, ta zauna kan kowa,
kamar miyar da daddawa ta yi wa yawa:
ka san akwai nama, amma ina?

Na biyu tsini gare shi.
Duk wata "tsa" da "sa" sai ta soke ni,
minti biyar, kaina ya soma sara.

Na uku ba shi da ado,
wayarsa ta bi bayan kunne kamar hannun tabarau.
Robar da ya zo da ita ta yi mini kaɗan,
iska na shiga, kiɗan ya rame.
Ikenna ya cire ta, ya sa ta soso:
"Murza, tura, ka jira ya kumbura."
Na jira.
Sai PZ ta ɗauke kamar wutar lantarki.
Ga mai Keke yana danna ham, ga mai rake baki buɗe,
ban ji ko ɗaya ba,
sai haɗiyar yawuna.

Na kunna abin da aka naɗa ranar Asabar.
Piyano a hagu, kalangu a dama,
har numfashin 'yan amshi kafin su karɓa.
A tsakiya kuma ga ni,
ƙasa da kiɗa da kamar faɗin yatsa,
ina sauri, ina haki.
Na biyun farko sun rufa mini asiri.
Wannan bai yi mini kara ba.

Kuɗin biki biyu ne.
Na taya, ya ce albarka, na juya, ya kira ni.
Yana ƙirga kuɗi ya ce,
"In wayar ta tsinke, ita kaɗai za a sauya.
Amma kada ka ƙure masa ƙara,
duk PZ ba mai sayar da kunne."

Na sani.
Babana Jatau shekara talatin yana matse kalangu
kafaɗa da kafaɗa da lasifika.
Yanzu sai an ɗaga murya ake gaishe shi,
ya ce gyare na kuka a kansa dare da rana.

Bayan magariba a Gyallesu, a zaure,
na murza soson, na tura masa a hankali.
Ya runtse ido.
Yatsunsa suka soma tafiya a kan gwiwa.
Na zauna ina jiran yabo,
ko ƙwalla, ko wani abu makamancin haka.

Can ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa,
"Wa ke riƙe da kalangun nan? Tsarkiyarsa ta saki!
Kai kuma ina za ka da wannan gaggawa,
bashi ake bin ka?"

Na miƙa hannu in karɓi abina.
Ya ture shi.
"Maido daga farko."